Gyartan da Ya Kwanta a Bakin Ƙofa

An yi wani mutum, 'yan'uwa, wani bawan Allah, a wani ƙauye da ba zan kama sunansa ba. Na san halinku. In na faɗa, kafin a tashi daga sujada kun gama binciko kakan wa aka haifa a can. Abin ya daɗe, tun zamanin da Bishara ba ta jima da shiga ƙasar ba. Majami'arsu ma ta ciyawa ce, kujerunta kututturen giginya.

Sunan mutumin Habila, kuma gyartai ne. Yaran yanzu da suka tashi cikin roba ba su san gyartai ba. Shi ne mai ɗinke ƙwarya in ta tsage. Mace ta kawo masa ƙwaryarta, ya zauna da basilla da zare ya haɗa ta, ta zuba masa ɗan hatsi ko ta ba shi daddawa, shi ke nan an rabu. Ba a yin arziki da wannan sana'a. Yana da 'yar gona a bayan gari, da ɗakuna biyu na ƙasa, da matarsa Rifkatu, mace mai yawan dariya da saurin hannu a murhu. A majami'a ba ya cikin dattawa, ba ya cikin mawaƙa, karatu ma da ƙyar yake haɗa baƙi. Can baya yake zama, inda wasunku ke zama don su samu yin gyangyaɗi.

To, ku saurara. Wata Lahadi cikin damina, an fito daga sujada ana yayyafi, sai ga wani tsoho a rakuɓe jikin majami'a, ya jiƙe sharkaf, daga shi sai ɗan ƙunshi da sanda. Ba wanda ya san shi. Mutanen ƙauyen nan kuwa suna da al'ada mai kyau: baƙon da Lahadi ta same shi a garinsu ba ya rasa masauki, har rige-rige ake yi a kai shi gida. An fara rige-rigen ke nan, sai wani mai tallan gishiri da ke yawon kasuwanni ya ja hannun dattijon majami'a, Baba Sila, ya raɗa masa magana a kunne. Kun dai san raɗa. Kafin Baba Sila ya gama jin ta, ta riga ta kai bakin rijiya. Wai sunan tsohon Nomau, daga wani gari yake can gabas, kuma korarsa aka yi saboda maita.

Nan take rige-rige ya mutu. Wannan ya tuna ɗakinsa na yoyo. Wancan ya tuna surukarsa na hanya. Mata suka tura 'ya'yansu bayan zane, kowa ya kama gabansa, bakinsa bai ma gama hucewa daga waƙar yabo ba.

Kada ku ɗauka Habila wani jarumi ne. Ina! Shi ma tafiyarsa ya yi. A gidan tsafi aka haife shi, da girmansa aka yi masa baftisma, kuma duk labarin da ake bayarwa na maye, yadda yake kama kurwar mutum ya ɓoye ya riƙa cinta a hankali, yana nan daram cikin kansa. Ya yi nisa, sai ya waiga. Da bai waiga ba, da ba ni da labarin ba ku yau. Ya hangi tsohon ya cire hularsa yana matse ta, ruwa na bin furfurarsa, filin majami'a fayau ba kowa. Habila ya tsaya, ya ci gaba, ya sake tsayawa. Daga ƙarshe ya komo yana jin haushin kansa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ya taso su je gida, ruwan nan ba yanzu zai ɗauke ba.

Tsohon ya dube shi ya ce, "Ɗana, ka ji abin da aka ce a kaina?"

"Na ji, Baba."

"To?"

"Na ji. Taso mu je."

Da suka shiga gida, Rifkatu ta dubi baƙon, ta dubi mijinta. Magidanta, kun san irin wannan kallo, ba sai na fassara muku ba. Amma ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta hura wuta a ɗakin da babu kowa don ya shanya tufafinsa. Sai da tuwo ya nuna ta ja Habila bayan rumbu, ta tambaye shi cikin murya ƙasa-ƙasa a wace ƙwarya za ta zuba wa baƙon. Domin a ƙasarsu, wanda ake zargi da maita ba a haɗa hannu da shi a akushi. A tsohuwar ƙwarya ake zuba masa, a tura masa daga nesa, kai kuma ka juya baya ka ci naka kada ya ga lomarka. Habila ya ce ta zuba musu a akushi ɗaya, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo.

Ranar nan Habila ya yi addu'ar cin abinci da bai taɓa yin irinta ba. Ya gode, ya roƙi tsari, ya sake roƙon tsari, har miyar kuka ta fara sanyi. Ba yawan ibada ba ne, tsoro ne. Da suka sa hannu kuwa, idonsa na kan yatsun tsohon, ko wace loma sai da ya tura ta da ruwa.

Aka kwana, aka tashi, ruwa ya ɗauke, amma tsohon ba shi da wurin zuwa, Habila kuwa bakinsa ya kasa furta sallama. Nomau ya zauna. Ba malalaci ba ne. Ya tufka musu igiya, ya gyara dangar da awaki suka keta, in Rifkatu na tsinke zogale ya sa hannu. Shi ba mai bi ba ne, ran Lahadi a waje yake zama yana jin waƙa daga nesa, Habila kuma bai taɓa matsa masa ba.

Amma fa zuciyar maigida ba ta kwanta ba, gaskiya ke nan. Komai tsohon ya yi sai Habila ya auna. Idanunsa ja ne. To, hayaƙi ne da tsufa, ko kuwa? Yakan yi magana shi kaɗai in yana tufka. Da wa yake yi? Wata safiya aka tashi kaza ta mutu a akurki, a shekarar kuwa kaji na ta mutuwa a ko'ina cikin garin, amma Habila ya tsaya kan gawar kazar nan yana satar kallon ƙofar baƙo. In tsohon ya yaba wa Rifkatu da miya, sai Habila ya ce a ransa me ya kai bakinsa kanta. Sai kuma kunya ta kama shi, ya je ya roƙi Ubangiji gafara, gobe ya sake. Haka ya yi ta fama. Hannunsa na cikin akushi ɗaya da baƙo, zuciyarsa na leƙensa ta kafar danga.

A waje kuma abin ya fi haka. Mata suka daina kawo ƙwarya. Gara su ɗaure ta da tsumma tana zuba da su taka gidan. In Habila ya zauna a majami'a, sai kututturen ya zama nasa shi kaɗai. Ana gaishe shi, amma daga nesa, ana duban wuyansa ko ya fara ramewa. Rifkatu ce ma ta riga shi sakin jiki. Ta koma kiran tsohon Baba da gaske, tana tsokanarsa da cewa ya fi ta cin yaji, shi kuma yana dariya da bakinsa da ba haƙora.

Mama da ke can gefe, a ɗan taɓa ta, yanzu ne za a shiga maganar.

Ana gab da fara yankan gero, zazzaɓi ya kwantar da Rifkatu. Da farko an ɗauka na kwana biyu ne. Aka dafa saƙe-saƙi, aka yi surace, abu sai gaba yake yi. Jiki ya yi zafi kamar tukunya a kan murhu, ta daina gane mutane, ta shiga sambatu. Wasu tsofaffin mata suka daure suka shigo jinya. Habila na durƙushe a gefenta yana jiƙa tsumma, sai ta buɗe baki ta ce, "Baba Nomau." Ta yi shiru, ta sake kira. Matar da ke yi mata fifita ta saki mafici ya faɗi ƙasa. Ɗaya bayan ɗaya suka gyara ɗauri suka fice.

Bari in gaya wa matasa abin da wannan yake nufi a wancan zamani. Sun yarda cewa in maye ya kama mutum, majinyacin zai kama sunansa cikin sambatu. Maganin kuma ɗaya ne a wurinsu: a kamo wanda aka kira, a tuɓe masa riga a gaban jama'a, a fito da majinyaci a shimfiɗe shi a ƙasa, a sa wanda aka kira ya tsallake shi. Wai da ya tsallake ya saki kurwar. Yanzu ku duba tarkon da ke ciki. In ya tsallake aka warke, to ga shaida, maye ne, sai duka da kora. In ya tsallake aka mutu, to mugun maye ne, ya ƙi saki, wannan kuwa ba ya barin garin da ƙafafunsa. In ya ƙi tsallakewa ma, ya amsa laifi. Ta ko'ina ka bi, wanda aka kira sunansa ya gama yawo.

Habila da kunnensa ya ji. Ba wani ya gaya masa ba. Ya fito tsakar gida, ya tarar da tsohon zaune a bakin ɗaki, igiya a hannu amma ba ya tufka. Ya dube shi, ya ji ya tsane shi. Ƙiyayya sosai nake gaya muku. Ya ce a ransa, ni na ɗauko wannan da hannuna na kawo wa matata.

Tsohon ne ya fara magana. Ya ce ya ji, kuma ya san gobe da safe za su zo. Ya ce kada Habila ya wahalar da kansa, zai tsallake, ya taɓa yi. A garinsu ɗan maƙwabcinsa ne ya kira sunansa. Aka tuɓe shi a gaban surukansa mata da jikokinsa, ya tsallake, bayan 'yan kwanaki yaron ya miƙe. Ranar da yaron ya miƙe aka sa wa ɗakinsa wuta. 'Ya'yan cikinsa suna tsaye, ba wanda ya buɗe baki. Ya nuna wa Habila yatsunsa biyu da suka ɗore a karkace. Ya ce shi dai tsoho ne, saura ƙiris, in yarinyar nan za ta tashi to ba komai.

Habila ya tambaye shi abin da ya daɗe yana cin ransa. "Baba, tsakaninka da Allah, kai ne?"

Nomau ya ce, "In na ce ba ni ba ne, za ka yarda?"

Habila ya juya ya koma wurin matarsa.

Da hantsi suka iso. A gaba akwai Jatau, yayan Rifkatu, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙe ta tun rasuwar iyayensu. Kada ku ɗauke shi mugu. Mutum ne da ƙanwarsa ke mutuwa, idanunsa sun kumbura don kuka. Bayansa maza da sanduna, mata na leƙe ta danga. Abin da ya fi ba ni takaici, 'yan'uwa, har da Baba Sila a cikinsu, da farar rigarsa ta Lahadi.

Baba Sila ya ja Habila gefe ya yi masa magana mai laushi. Ya ce shi ma ya san wannan al'ada ba ta masu bi ba ce. Amma jama'a sun fusata, ga rai a hannun Allah. A bari a yi kawai don hankali ya kwanta, in an gama sai a taru a yi addu'a, shi da kansa zai tsaya kada a wuce gona da iri wajen taɓa tsohon. Kun ji irin maganar? Mai daɗin ji ce. Kuma Habila ya so ya yarda. Wani ɓangare na zuciyarsa na ce masa, in fa gaskiya ne? In tsallakawar nan ce kaɗai tsakanin Rifkatu da kabari fa? Daga cikin ɗaki yana jin nishinta.

Ya waiga, sai ya ga Nomau ya riga ya miƙe, ya kama wuyan rigarsa zai tuɓe da kansa, don ya rage wa maigidansa kunya. Habila ya ga ƙasusuwan kafaɗar nan. Ya ga tabarmar da suke zama su ci tuwo tare, tana nan a shimfiɗe. Bai yi shawara da kowa ba. Ya je ya mayar wa tsohon rigarsa jikinsa, ya kama hannunsa ya shigar da shi ɗakin baƙo. Ɗakin ƙofarsa ɗaya ce, 'yar ƙarama, sai ka sunkuya. Sannan ya kwanta a gicciye a bakin ƙofar, cikin taɓo, kansa a wannan gefe, ƙafafunsa a wancan.

Jatau ya daka masa tsawa ya tashi.

Habila ya ce, "Yaya, ba zan yi faɗa da kai ba. Ga ƙofa nan. Duk mai son baƙona, ya tsallake ni ya ɗauko shi."

Ku saurara da kyau. Ko a ranar lafiya, a ƙasar nan ba a tsallake mutum yana kwance, abin kunya ne. Balle a wannan rana, da duk garin ya taru don ya ga wanda zai ɗaga ƙafa ya tsallake ɗan adam. Jatau ya zo fuu, ya ɗaga ƙafa. Sai ya ji wurin ya yi tsit. Ya duba, idon kowa na kan ƙafar tasa. Ya san mutanen garinsu. Ya san in ya haye, gobe Habila ya yi ko ciwon kai, sunan wa za a kira. A hankali ya mai da ƙafarsa ƙasa. Ya juya ya ce wani ya shiga. Kowa ya duƙar da kai, na gaba suna ja da baya suna take na bayansu. Ashe tarkon da suka haƙa wa tsoho, kowannensu na jin tsoronsa.

Wani daga baya ya ce a ja shi gefe mana. To, wa zai fara? Wa zai sa hannu a jikin maigida a tsakar gidansa, mutumin da bai zagi kowa ba, bai ɗaga ko tsinke ba, matarsa na kwance rai a hannun Allah? Mai maganar ma bai matso ba.

Daga cikin ɗaki kuma tsohon na roƙo, yana cewa ɗana tashi in fita, kada a ce ta mutu saboda ni. Amma shi ma ba shi da hanya sai ta kan Habila, kuma ba zai tsallake wanda ya ciyar da shi ba. Na ciki ba fita, na waje ba shiga. Rana na ta ɗagawa.

Jatau ya yar da sandarsa ya durƙusa, ya fashe da kuka. Ya ce, "Habila, ƙanwata ce. Za ka kashe ta saboda baƙon da ba ka san asalinsa ba?"

Habila ma kuka yake, hawaye na gangarawa cikin kunnensa. Ya ce, "Matata ce, Yaya. Da sunan Yesu aka yi mata baftisma, ba za a shimfiɗe ta a ƙasa a haye ta ba. Wannan kuma a gidana ya sauka, ba za a tuɓe shi a nan ba. Nemo gadon kara mu kai ta asibitin mishan, kai gaba ni baya."

Asibitin tafiyar yini ce a ƙafa, ga rafi ya cika. Amma ba wannan ba ne matsalar. Jatau ya ce to tashi mu tafi. Habila bai motsa ba. Kowa ya gane dalili. Da ya tashi ya bar gidan, kafin su kai bakin rafi an gama da tsohon. In kuwa ya ci gaba da kwanciya, matarsa za ta mutu a ɗaki yana jin ta. Ya rufe ido, leɓensa na motsi, ba wanda ya ji abin da yake faɗa.

Sai ya ji an taɓa kafaɗarsa. Baba Sila ne. Dattijon ya daɗe tsaye yana kallo, fuskarsa kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya ce, "Tashi ka kai matarka, ɗana. Ni ya kamata in kwanta a nan tun farko." Ya tattara farar rigarsa, gwiwoyinsa na ƙara, ya kwanta cikin taɓon nan daidai inda Habila ya tashi. Ya ɗaga kai ya dubi jama'a, ya kira su da sunayensu, ya ce wanda ya gaji da tsayuwa ya je gona, shi yana nan.

Suka ɗauki Rifkatu. Wasu daga masu sanduna ma suka ajiye suka bi su don a riƙa karɓa-karɓa. Sun haye rafi ruwa iya ƙirji, gadon a bisa kawunansu. Suka isa ba ta san inda take ba. Ma'aikatan suka karɓe ta, aka yi ta fama. Kwanaki tana tsakanin rai da mutuwa, Habila da Jatau na zaune a gindin bishiya guda ba mai yi wa ɗan'uwansa magana. Sannan wata safiya ta buɗe ido ta nemi ruwa. Allah ya tashi kafaɗunta, ba wanda ya tsallake ta. Da aka tambaye ta me ya sa ta kira sunan tsohon, ta ce ita ba ta san ta kira kowa ba.

Na ga wasunku sun gyara zama, kuna jira in ce duk garin suka tuba, suka zo suka roƙi Nomau gafara. A'a. Ba haka mutane suke ba, ku ma kun sani. Wasu sun ji kunya. Wasu kuwa cewa suka yi mayen ne ya ga an tsaya masa, ya tsorata ya sake ta. Har tsohon ya rasu a gidan Habila bayan wasu shekaru, akwai matan da ba su sake kawo ƙwarya ba.

Ranar da za a sallame su daga asibiti, Jatau ya sami Habila yana ɗaure kaya. Ya tsaya a kansa, ya ce yana da tambaya ɗaya. Wace shaida ya gani da ta tabbatar masa tsohon ba maye ba ne?

Habila ya ce, "Ban ga komai ba, Yaya. Sa'ad da nake kwance a ƙofar nan, rabin zuciyata na tare da ku."

"Da ta mutu fa?"

Habila ya daɗe yana jan igiya. Ya ce, "Da na yi kuka har ƙarshen raina, ina tuhumar kaina kullum. Amma da ban miƙa shi ba. Ni ma Ubangiji bai jira na wanke kaina ba kafin ya karɓe ni."

Jatau ya sunkuya ya ɗauki kayan ya aza a kansa.

To, 'yan'uwa, ga maganar a fili. Karɓar baƙo ba ta jira sai ka gama tabbatar da shi. In sai wanda ka san ubansa da kakansa kake buɗe wa ƙofa, wanda gobe shi ma zai gayyace ka, wannan ba bangaskiya ba ce, zumunci ne kawai, kowa ma na yi. Habila bai daina zargi ba kafin ya yi alheri. Da tsoronsa ya tafi, da shakkarsa ya kwanta a taɓo. Abin da ya sani kaɗan ne: wanda ya shigo ƙarƙashin rufinsa amana ne daga Ubangiji, kuma ba a miƙa amana don an ji tsoro. Kun san abin da Almasihu ya ce game da baƙo, kun haddace, har waƙarsa kuke yi. Ni ba haddar nake tambaya ba.

Ban ce ku zama wawaye ba, kada wani ya fita ya ce fasto ya ce a bar ƙofa a buɗe wa ɓarayi. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yau mun waye, mun sa takalma, sai dai raɗar nan tana nan da ranta. A unguwarku akwai gwauruwar da mijinta da ɗanta suka rasu a shekara guda, kun daina aika mata da abinci, kun hana yaranku shiga gidanta, ba wanda ya furta dalili amma kowa ya sani. Akwai wanda ya fito daga gidan yari, yana zuwa sujada, kujerar gefensa kullum ba kowa. Akwai waɗanda rikici ya koro daga garuruwansu, harshensu daban, wasunsu addininsu daban, kuna gaishe su ta saman katanga. Me kuka gani da idonku? Ba komai. An ce, an ce.

In an tashi yanzu kowa zai je gida, an dafa shinkafar Lahadi, na ji ƙamshin wasu tun daga hanya. Kafin ka wanke hannu, ka tuna da mutum ɗaya da kowa ke kauce wa, ka san shi, sunansa ya riga ya zo maka a rai ina wannan magana. Kada ka aika masa a kwano. Je ka da ƙafarka ka kira shi, ya zauna a tabarmarka ya ci tare da kai. In gabanka na faɗuwa, bar shi ya faɗi, kai dai je ka. In kuma gobe aka taru a kansa, to ka sani ya riga ya zama naka, kai ne za ka tsaya tsakaninsa da su.

Ubangiji ya ba mu ƙarfin yin haka. Mu sunkuyar da kai, mu yi addu'a.